Wa Ke Sauraron Rubutunka?

Karatu: Irmiya 36:1-32, 1 Korantiyawa 14:29

Ɗan'uwa ƙaunatacce, darasin yau naka ne idan kana da littafin rubutu da ka ɓoye a ƙarƙashin katifa: waƙoƙin yabo da ƙungiyar mawaƙa ba ta taɓa ji ba, wasan kwaikwayo na Kirsimeti, ko shaidar abin da Ubangiji ya yi maka. 'Yar'uwa, ke ma da ke nake. Ban da kai, wa ya taɓa karanta abin da ke ciki?

Dubi karatunmu. Maganar Ubangiji ta zo wa Irmiya, amma hannun Baruk ɗan Neriya ne ya rubuta ta. Da aka hana Irmiya shiga Haikali, Baruk ne ya je ya karanta wa jama'a a ranar azumi. Da littafin ya isa gaban Sarki Yehoyakim, yana zaune yana jin ɗumi, in an karanta masa kaɗan sai ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta, har duka ya zama toka. Da Irmiya shi kaɗai ne, wa zai ga laifinsa in ya karaya? Amma su biyu ne. Suka sake ɗaukar takarda, suka rubuta daga farko, har da ƙari. Baruk ma ya taɓa gajiya yana nishi, kuma ta bakin Irmiya Allah ya amsa masa, kamar yadda sura 45 ta nuna.

Ga wani misali na kusa da zamaninmu, daga birnin Oxford na Ingila. Malaman jami'a biyu ne, C.S. Lewis da J.R.R. Tolkien. A ƙarshen 1929, tun ba a san ko ɗayansu da rubuta labari ba, Tolkien ya ba Lewis wata doguwar waƙa da ya daɗe yana rubutawa. Lewis ya fara aiko masa da yabo, daga baya ya biyo da shafuka na gyara, layi bayan layi. Tolkien kuwa ya karɓi da yawa daga cikin gyaran. Sannu a hankali wasu suka shigo, suka zama ƙungiyar da ake kira Inklings. Sukan taru ranar Alhamis da dare a ɗakin Lewis, mai sabon rubutu ya karanta da ƙarfi, sauran su faɗi gaskiyar abin da suka ji. Sukan kuma haɗu ranar Talata a wani gidan giya. Wannan kam ban ce ka kwaikwaya ba.

Tolkien ya fara babban littafinsa, The Lord of the Rings, a 1937, bai fito ba sai 1954 da 1955. A tsakani yakan ajiye shi tsawon lokaci, Lewis na matsa masa ya ci gaba. Shi da kansa ya shaida daga baya cewa ba don ƙarfafawar Lewis ba, da bai gama ba. Lewis kuma fa? A wani dare na watan Satumba 1931, Tolkien da wani abokinsu, Hugo Dyson, suka yi ta hira da shi har tsakar dare ta wuce, a kan mutuwar Almasihu da tashinsa. Bayan 'yan kwanaki Lewis ya ba da gaskiya ga Yesu. Shi ne mutumin da jawabansa na rediyon BBC a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu suka zama littafin Mere Christianity. Kada ka ɗauka kullum bakinsu ɗaya: Tolkien bai so labaran Narnia ba, ya kuma faɗa wa Lewis. Lewis ya saurara, ya auna, ya ci gaba da rubutunsa.

A nan ne mu 'yan Fentikos muke yawan tuntuɓe. Matashi zai kawo waƙa, a ce masa baiti na uku bai zauna ba, sai ya ce, "Ruhu ne ya ba ni haka." Ban musa cewa Ruhu Mai Tsarki ya motsa ka ba. Amma Manzo Bulus ya umarci ikkilisiyar Koranti cewa ko annabawa suka yi magana, sauran su auna abin da aka faɗa. In ana auna annabci, baitinka na uku ya fi ƙarfin a auna shi ne? Sau da yawa girman kai ne ya sa rigar ruhaniya.

Akwai kuma abokin da komai ka karanta masa sai ya ce "Halleluya, ya yi!" Yana ƙaunarka, amma bai taimake ka ba, ya bar ka ka fita kasuwa da riga a birkice. Wanda ya fi shi haɗari yana cikin zuciyarka: ranar da aka rera waƙar abokinka a babban taro, taka tana nan cikin jaka, me ka ji? In ɗaci ka ji, kai shi gaban Ubangiji tun bai yi saiwa ba, domin hassada ta watsa zumunta da yawa da aka fara da addu'a.

Ba sai kun yi yawa ba. Mutum biyu ko uku sun isa, a bencin baya na majami'a bayan an tashi sujada. Ku sa rana, ku riƙe ta. Kowa ya zo da shafi biyu, ya karanta da bakinsa. Mai sauraro ya fara da faɗin layin da ya taɓa shi, sa'an nan ya nuna daidai inda ya ɓace. Mai rubutun ya yi shiru yana rubuta abin da aka faɗa, kada ya kare kansa sai an gama. Abin da aka karanta a wurin ya tsaya a wurin, har mai shi ya ba da izini. Kafin Lahadi mai zuwa, ciro littafin nan daga ƙarƙashin katifa, ka zaɓi shafi biyun da za ka fara da su, ka kira mutumin da ka san ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya.