Darasi: Neman Gidan Haya A Baƙuwar Ƙasa

Nan Gidan Katta da Illela, sau da yawa aure ko fatauci kan ƙetarar da 'yar uwa zuwa Birnin Ƙonni, ƙasar Nijar. To, ina za a sauka?

Da Manzon Allah (SAW) ya yi hijira zuwa Madina a shekarar 622, gidan Abu Ayyub al-Ansari ya sauka kafin a gina ɗakunansa. Don haka ku fara sauka wurin dangi ko amintacce, kada dillali ya gaggauta ku.

Na biyu, ki sa maigida ya binciki maƙwabta, ruwa, masallaci da Islamiyyar yara. Samar da muhalli gwargwadon hali wajibinsa ne, kamar yadda Suratul Ɗalaƙ, aya ta 6, ta nuna.

Na uku, ku san lissafin sefa. A can dala sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1,000, kuma galibi wata-wata ake biyan haya. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu tun kafin a ba da ko dala, don gudun rigima.

Allah Ya sa mu dace, amin.