Wa Za Ka Riƙe, Wa Za Ka Saki? Darasi Daga Fantasin Hokin Ƙanƙara

Na san da yawanku za ku ce, mu da ko ƙanƙarar sanya wa zoɓo sai mun saya, ina ruwanmu da wasan da ake yi a kanta? Ni ma haka na ce, har sai da wani ɗan'uwana da ke karatu a Kanada ya jawo ni cikin gasar fantasin da suke yi su goma sha biyu. Na shiga da taƙamar na iya Fantasy Premier League. Kaka biyu na yi ina shan kashi kafin na gane cewa abin da ake koya mana a ajin ƙididdiga shi ne ainihin wasan. Shi ya sa nake so mu duba shi tare.

Da farko, ga yadda abin yake. Babbar gasar hokin ƙanƙara ta duniya ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32, guda 25 a Amurka, 7 a Kanada. Kowane ɓangare yana sa mutum shida a fili: gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ɗan wasa yana samun maki ɗaya idan ya ci, ɗaya idan ya ba da fasin ɗin da aka ci da shi. Ana fara kaka a wajen watan Oktoba, kuma yawancin wasannin a wurinmu tsakar dare suke kamawa, don haka da safe ake duba sakamako.

Bambancin da fantasin ƙwallon da muka sani shi ne, a can kowa zai iya sayen ɗan wasa ɗaya. A nan kuwa zaɓe ake yi zagaye-zagaye, wanda ka ɗauka ya zama naka kai kaɗai. A irin gasar da ake kira ta riƙo, idan kaka ta ƙare ba a watse gaba ɗaya. Kowa zai riƙe wasu kaɗan, sauran su koma kasuwa a sake zaɓe. Mu huɗu-huɗu muke riƙewa. To, waɗanne huɗu?

Mataki na farko: karanta dokar gasarku

Kafin ka kalli sunan kowa, duba abin da ake ba wa maki. Wata gasar ƙwallaye da fasin kawai take ƙirgawa. Wata tana haɗawa da yawan bugu zuwa raga, da bangazar abokin hamayya, da tare ƙwallo da jiki. A gasa ta biyun, mutum irin Brady Tkachuk, mai yawan bugu da bangaza, darajarsa ta fi abin da makinsa ke nunawa nesa ba kusa ba. Wannan kamar jarrabawa ce: wanda bai karanta umarnin da ke saman takarda ba, ko ya cika shafi goma yana iya faɗuwa.

Mataki na biyu: nawa riƙon zai ci maka?

A gasa da yawa, riƙo ba kyauta ba ne. Idan ka riƙe ɗan wasa, ka rasa zaɓenka na zagayen da ka ɗauke shi bara. Bari mu ƙaddara misali. Kana da ɗan wasa na ɗaya, ka ɗauke shi a zagaye na 1, kana sa ran maki 85. Kana da na biyu, ka tsince shi a zagaye na 10, kana sa ran maki 70. Ido zai ce riƙe na ɗaya. Amma yi lissafi. Idan ka sake shi, da zaɓenka na zagaye na 1 za ka iya samun mai maki 80, wato ribar riƙe shi 5 ce kacal. Zagaye na 10 kuwa ba ya wuce ya ba ka mai maki 50, wato ribar riƙe na biyun 20 ce. Abin da ake aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin ɗan wasan da wanda zai maye gurbinsa a wannan farashin.

Mataki na uku: raba gwaninta da sa'a

Nan ne na faɗa rami. A ƙarshen kakata ta farko ina da wani ɗan gaba da ya zuba ƙwallaye fiye da yadda ya taɓa yi a rayuwarsa. Na riƙe shi, na saki wani matashi da makinsa bai kai nasa ba. Kaka ta zagayo, nawa ya koma yadda yake da, matashin kuwa yana hannun ɗan'uwana har yau, kullum sai ya turo mini hoton makinsa. Wallahi da na duba lamba ɗaya tak da ban yi wannan kuskuren ba: kashi nawa cikin 100 na bugunsa ne ke shiga raga.

A NHL, idan aka haɗa kowa da kowa, kusan bugu ɗaya cikin goma ne ke shiga. Dubi William Karlsson. A kakar 2016-17 ƙwallo 6 ya ci a Columbus. Da ya koma Vegas a 2017-18 sai ya ci 43, daga bugu 184, wato sama da kashi 23 cikin 100. Ɗauki kalkuleta: da kashi 12 ne suka shiga, ƙwallo 22 ke nan. Kakar da ta biyo baya nawa ya ci? 24. Bai lalace ba, ya ci gaba da zama ɗan wasa mai amfani. Sa'ar ce ta koma gida. Wannan shi ne abin da malamanmu na ƙididdiga ke nufi da cewa lamba idan ta yi tsalle da yawa, tana komawa kusa da matsakaicinta. Ba kullum ake kwana a gado ba. Saboda haka yarda da yawan bugu fiye da yawan ƙwallaye, domin bugu yana maimaita kansa kaka bayan kaka.

Mataki na huɗu: da wa yake wasa, kuma minti nawa ake ba shi?

A 2005-06 Jonathan Cheechoo na San Jose ya ci ƙwallo 56, ya fi kowa a gasar. A kakar ne aka kawo musu Joe Thornton daga Boston, gwanin fasin, aka haɗa su layi ɗaya. Bayan nan ƙwallayen Cheechoo suka yi ta gangarowa: 37, sai 23, sai 12. Rauni ma ya taka rawa, amma darasin yana nan: tambayi kanka, makin nan nasa ne, ko na maƙwabcinsa?

Haka kuma duba ko ana sa shi lokacin da aka hukunta abokan hamayya. A hoki, wanda ya yi laifi yakan fita na minti biyu, a bar su huɗu da biyar. A irin wannan lokacin ake samun maki cikin sauƙi, kuma koci yakan ware mutum biyar na musamman. Wanda ke cikin biyar ɗin farko ya fi wanda ba ya ciki, ko da gwanintarsu ɗaya. Canjin ƙungiya na iya rushe komai. Erik Karlsson, ɗan baya, ya samu maki 101 a San Jose a 2022-23. Aka mayar da shi Pittsburgh, kaka ta gaba ya samu 56.

Mataki na biyar: shekaru

Gasar riƙo ta shekaru ce, don haka tambayar ba ta tsaya a kaka mai zuwa ba. Yawancin 'yan gaba suna kai ƙololuwa ne a tsakiyar shekarunsu na ashirin, bayan talatin kuma a fara sauka. Connor McDavid yana ɗan shekara 26 ya kammala kakar 2022-23 da maki 153. Connor Bedard, wanda Chicago ta ɗauka na farko a 2023, ya samu maki 61 a wasa 68 yana ɗan shekara 18. Irin wannan ba a sakinsa don wani ɗan shekara 33 ya fi shi da maki goma.

Za ka ce Alex Ovechkin fa? Gaskiya ne, a Afrilun 2025, yana da shekara 39, ya karya tarihin Wayne Gretzky na ƙwallo 894. Amma mutum ɗaya ba ya zama doka. Sai dai kar son matasa ya rufe maka ido. Idan ƙungiyarka tana dab da cin kofi bana, riƙe tsohon da zai ba ka maki yanzu. Idan kana can ƙasan tebur, tara yara.

Mataki na shida: gurbi

'Yan gaba masu maki 60 suna da yawa, ko ka saki ɗaya za ka samu wani. Ɗan baya irin Cale Makar na Colorado, da ya samu maki 90 a 2023-24, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ƙarancin abu ke ɗaga farashinsa, kamar ɗakin haya kusa da ƙofar makaranta. Gola kuwa ka yi taka-tsantsan da shi. Lambobinsu suna hawa da sauka fiye da na kowa, kuma nasararsu ta dogara da waɗanda ke gabansu. Ni dai ba na ba gola gurbi cikin huɗuna sai wanda ya yi shekaru yana tsare raga a yawancin wasannin ƙungiyarsa.

Aikin gida

Buɗe Excel, jera 'yan wasanka, ka yi ginshiƙi shida: shekaru, makin kaka uku da suka wuce, yawan bugu, kashin da ke shiga, ko yana cikin biyar ɗin farko, da zagayen da riƙonsa zai ci maka. Ka ba kakar ƙarshe nauyi fiye da sauran, amma kar ka bar ta ita kaɗai. Sannan ka rufe ginshiƙin sunaye da hannu ka zaɓi huɗunka. Da na gwada haka bana, biyu daga cikin waɗanda zuciyata ke so ba su tsallake ba. Na sake su ina jin zafi.

Masu Fantasy Premier League, ku ma ku gwada da ɗan gaban nan da ya ci huɗu a wasa biyu kowa ke rububinsa. Kafin ku saye shi, ku duba bugu nawa ya yi.