Kiwon Kaji Masu Zanen Gashi a Cikin Gida

A birnin Bauchi da wuya a shiga gida, ko a cikin gari ne ko a unguwannin waje irin su Yelwa da Fadaman Mada, ba a tarar da akurki a wani lungu ba. Kaza ita ce asusun uwargida. Da ita ake sallamar baƙo, da ita ake sayen maganin yaro idan rashin lafiya ya zo ba shiri. Kajin gida kuwa iri-iri ne: akwai fingi mai tsiraicin wuya, akwai shazumama mai birkitaccen gashi, akwai durgu mai gajerun ƙafafu, akwai kuma wake-wake, wadda gashinta yake da ɗigon fari da baƙi. A cikin 'yan shekarun nan sha'awar kajin ado ta ƙaru a biranen Arewa, har ya zama kaza mai kyan zane takan fi 'yar'uwarta daraja a kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, ko da nauyinsu ɗaya.

Abin baƙin ciki shi ne, mutum yakan sayi zakara mai kyau da tsada, ya sake shi cikin kajinsa, ya zauna jiran 'yan tsaki masu kama da shi. Bayan wata shida sai ya ga zanen ya watse, wasu sun fito jajaye, wasu baƙaƙe ƙirin. Sai ya ce an cuce shi. Sau da yawa ba cuta ba ce, rashin sanin yadda gado yake tafiya ne.

Asalin zanen

Zanen da ake magana a kansa ya bambanta da ɗigon wake-wake. A jikin irin waɗannan kaji, kowane gashi guda yana da tsakiya fara ko mai ruwan zinariya, sa'an nan baƙin layi siriri ya kewaye bakinsa, kamar yadda maɗinki yake bin bakin aljihun riga da zare. Iri biyu ne suka fi shahara da wannan. Na farko shi ne Wyandotte, wanda aka samar a Amurka cikin shekarun 1870, aka kuma amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1883. Kaza ce mai jiki, zakaranta yakan kusa kilo huɗu, macen kuwa wajen kilo uku, tana iya yin ƙwai kimanin 200 a shekara idan ta sami abinci sosai. Na biyu shi ne Sebright, wanda ya ci sunan wani Bature ɗan Ingila, Sir John Sebright, da ya haɗa irin a farkon ƙarni na 19. Wannan 'yar ƙarama ce, ba ta kai kilo guda ba, don ado kawai ake ajiye ta. Wani abin mamaki game da ita shi ne, zakaranta ba shi da dogon gashin wuya da na wutsiya irin na sauran zakaru, gashinsa tamkar na mace ne.

Ya kamata mai kiwo ya lura da cewa a ƙasashen sanyi aka ƙago waɗannan kaji. Wyandotte tana da gashi mai kauri da ɗan gajeren zanko kwantacce, abin da yake kare ta daga sanyin ƙanƙara. A Bauchi kuwa, inda zafin Maris da Afrilu yakan kai digiri 38 ko ya wuce, wannan rigar kan zame mata wahala. Wanda ba shi da inuwa mai kyau da ruwan sha wadatacce a gidansa, gara ya tsaya ga wake-wake, ya gyara irinta. Ita ta saba da ƙasar, tana kwanci, tana renon 'ya'yanta, ko da yake ƙwanta bai cika wuce 40 zuwa 60 a shekara ba.

Yadda ake riƙe iri

Zanen gashi ba abu guda ne yake kawo shi ba. Halayen gado da yawa ne suke haɗuwa: wani yana tura baƙin launi zuwa bakin gashi, wani yana ƙara masa duhu, wani yana share tsakiyar. Sai ɗan tsako ya sami dukansu daga uba da uwa zanen yake fita sosai. Saboda haka ne idan an haɗa zakara mai zane da kazar gida, 'ya'yan farko sukan fito da guntun zane, ko kuma babu shi sam. Mai haƙuri zai zaɓi mafi kyau daga cikin 'yan matan, ya sāke haɗa su da wani zakara mai cikakken zane. A zuriya ta biyu da ta uku zanen yakan fara komowa, ga shi kuma an sami jinin kazar gida mai jure zafi.

Wannan aiki ba ya yiwuwa idan kaji suna yawo barkatai. Zakaran maƙwabci da ya tsallako katanga sau ɗaya ya isa ya ɓata aikin shekara. Dole a keɓe wuri da waya ko da zana, a sa zakara ɗaya da mata takwas zuwa goma. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: kaza tana ajiye irin zakara a jikinta har mako biyu ko uku bayan barbara. Don haka ƙwan da ta yi a makonni uku na farko bayan keɓewa, a ci shi ko a sayar, domin mai yiwuwa na tsohon zakara ne. Daga nan ne za a fara tara na ƙyanƙyasa.

Kada a daɗe ana haɗa uba da 'ya, ko wa da ƙanwa. Zane yakan yi kyau da haka na ɗan lokaci, amma ƙwai yakan riƙa ƙin ƙyanƙyashewa, 'yan tsaki su fito raunana. Masu kiwo biyu ko uku da suka amince da juna suna iya musayar zakaru bayan kowace shekara ko biyu, ba tare da kowa ya kashe kwabo ba.

Akwai wata dabara mai amfani ga wanda yake da launi biyu. Idan aka haɗa zakara mai ruwan zinariya da mace mai farin zane, 'yan matan duk za su ɗauko launin ubansu, mazan kuwa su fito da hasken uwarsu. Da haka ana iya rarrabe maza da mata da wuri. Idan aka juya haɗin, wato farin zakara tsantsa da mace mai ruwan zinariya, dabarar ba ta aiki, duka za su fito farare.

Wajen zaɓen waɗanda za a bari don iri, kada a yi gaggawa. Ɗan tsako yakan sauya gashi fiye da sau ɗaya kafin ya girma, zanensa na gaskiya ba ya tabbata sai ya kai wata biyar ko shida. A lokacin sai a kama shi a duba ƙirji da fukafuki da baya: layin ya kewaye gashin gaba ɗaya, tsakiyar ba ta da ɗigo? Amma kafin a dubi gashi, a dubi ido da ƙafa da faɗin ƙirji. Kaza mai kyan zane wadda take fama da mura kullum ba ta cancanci zama uwar garke ba, tukunya ta fi dacewa da ita.

Ƙwai da kwanci

A zaɓi ƙwai matsakaici, mai tsabta, marar tsaga. Kada a wanke shi, kada kuma a ajiye shi fiye da kwana bakwai. A lokacin bazara a sa shi cikin tukunyar ƙasa a ɗora bisa yashi mai laima a wuri mai inuwa, domin zafi yakan sa ɗan tsakon ya fara halitta tun kafin a kai ga kwanci, sa'an nan ya mutu a ciki. Sebright ba ta cika yin kwanci ba, saboda haka kazar gida ce za ta yi mata wannan hidima. A sa mata ƙwai 10 zuwa 12, gwargwadon abin da jikinta zai rufe, a yi wa kowane alama da fensir. A rana ta bakwai zuwa ta goma a haska ƙwan da tocila cikin ɗaki mai duhu. Mai rai zai nuna jijiyoyi ja, wanda ya fito sarai kuwa a fitar da shi. Ƙyanƙyasa tana zuwa a kwana 21.

'Yan tsaki su zauna a killace da uwarsu har mako huɗu zuwa shida, don shirwa da shaho da muzuru. Tsaki da dusa kaɗai ba su isa ba, gashi mai kyau yana bukatar abinci mai gina jiki. A ƙara musu garin ƙuli-ƙuli ko soyayyen waken soya, da gara idan an samu, da ɗan ganyen zogale. Mata masu ƙwai kuma a ba su garin ƙashi ko dakakken ɓawon ƙwai. A ajiye musu toka gauraye da yashi a kusurwa su yi birgima, domin ƙwarƙwata tana cinye gashi ta ɓata zane.

Annobar hunturu

Duk wannan ɗawainiya tana iya rushewa cikin mako guda. Kowane mai kiwo a Bauchi ya san yadda kaji suke zubewa idan iskar hunturu ta kama, daga Disamba zuwa Fabrairu: kaza ta yi sukuku, ta riƙa haki, kashinta ya koma kore, wuyanta ya murɗe. Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Niyukasil, sunan wani gari a Ingila inda aka gan ta a 1926. Ƙwayar da take kawo ta ba ta jin magani. Barkono da maɗaci da kafso da ake zubawa a ruwan sha ba su warkar da ita, rigakafi ne kaɗai yake tsare ta.

Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da take Vom a Jihar Filato, wadda take can tun 1924, tana yin maganin rigakafin wannan cuta. A cikinsu akwai wanda ake kira I-2, wanda ya fi sauran jure zafi, ya kuma dace da kajin gida. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama, a maimaita bayan wata uku zuwa huɗu. Mafi muhimmanci shi ne na watan Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin sanyi ya shigo. Kaji masu lafiya ake yi wa, ba waɗanda suka riga suka kamu ba. Tun da kwalba guda ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, kuma idan an jiƙa maganin ba ya daɗewa, ya kamata maƙwabta su haɗa kuɗi su nemi malamin dabbobi ya yi musu rana ɗaya.

Kasuwa ita ce babbar ƙofar cuta. Idan annoba ta faɗa wa wani gida, abin da mai gidan yakan fara yi shi ne ya kwashi sauran kajin ya kai kasuwa da araha. Saboda haka duk kazar da aka sayo, kome kyanta, a tsare ta ita kaɗai nesa da akurki har kwana 14. Wadda aka kai kasuwa ba ta sayu ba, ita ma haka za a yi mata idan ta komo. Mushe kuwa a binne shi da zurfi ko a ƙone, kada a jefa shi a juji ko a kwata inda karnuka za su ja shi zuwa gidan wani.

Idan aka ga kaji suna mutuwa farat ɗaya da yawa, zanko ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, kada a yanka, kada a fige, kada yara su taɓa. Wannan yana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijeriya a Jihar Kaduna cikin 2006, tana kuma iya kama mutum. A rufe akurkin, a wanke hannu da sabulu, a kai rahoto asibitin dabbobi mafi kusa a ranar.