Sharaɗin da Ke Zuwa Ba Tare da “If” Ba

Mu malaman Turanci na sakandare a Anka da Gummi da Bukkuyum kusan hanya ɗaya muke bi wajen koyar da jimlar sharaɗi. A rubuta “if” a allo, a jera iri uku a ƙarƙashinta, a sa ɗalibai su haddace wane aikatau ke bin wane, su kwafa, a wuce. Da yawansu suna riƙe haddar kuwa. Matsalar ita ce Turancin da ke jiransu a takardar WAEC da NECO da JAMB, da wanda ke jikin kwalbar magani, sau da yawa yakan gindaya sharaɗi babu “if” ko ɗaya. Yakan cusa shi cikin ɗan guntun yanki marar aikatau, wanda ke farawa da “without” ko “but for” ko “in case of” ko “in the event of”, suna ya biyo baya. Ɗalibin da aka horar ya riƙa farautar “if” sai ya wuce sharaɗin bai gan shi ba. Ra'ayina shi ne wannan giɓi ba ya toshewa da ƙarin hadda. Yana toshewa ne idan malami ya fara daga Hausar da yaron ya zo da ita aji, domin Hausa tana da wannan gini cif, kuma yaron yana amfani da shi tun kafin ya sa rigar makaranta.

A ɗauki jimlar da ta shafi tarihin yankin nan. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan da ake sarrafa duwatsun zinariya, irin su Dareta da Abare a Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, inda yara kimanin 400 suka rasu, kuma ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta shigo da magani. Mai rubuta rahoto da Turanci zai iya cewa, “But for the doctors, more children would have died.” Abin da ake yawan gani a amsoshin ɗalibai shi ne su raba “but for” gida biyu, su karanta “amma” sannan “saboda”, sai ma'ana ta koma cewa saboda likitoci ne yara suka ƙara mutuwa. Ma'anar ta kife gaba ɗaya, wanda ya yi ceto ya zama mai laifi. Alhali a ce wa yaron nan, “Ba don likitoci ba, da yaran da suka mutu sun fi haka,” ba zai ɓata daƙiƙa ba. Ya san likitocin sun zo, ya san ƙarin mutuwar da ake magana a kai bai auku ba. Tunanin yana kansa daram, rigar da Turanci ya sa masa ce bai gane ba. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a jarrabawa, domin WAEC da JAMB duk suna da sashen da ake ba ɗalibi jimla a ce ya zaɓi bayanin da ya fi dacewa da ita, kuma a cikin zaɓuɓɓukan akan ajiye daidai wannan kifaffiyar ma'ana.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Tunda yankin sharaɗin ba shi da aikatau, ba ya nuna lokaci, sai an dubi ɗaya ɓangaren jimlar. “Without rain, the millet will die” magana ce a kan abin da zai iya faruwa: in babu ruwa, gero zai mutu. “Without rain, the millet would have died” kuwa magana ce a kan abin da bai faru ba: ba don ruwa ba, da gero ya mutu. Kalmomin farko iri ɗaya ne, amma na farko gargaɗi ne, na biyu godiya. Hausa tana raba su da “in” ko “idan” a ɗaya, da “da” a ɗayan. “But for” ba ya shiga sai wurin abin da ya saɓa wa yadda aka kasance, don haka ba ya tafiya da “will”. Shi kuwa “in case of” na abin da ake jin tsoron aukuwarsa ne, yawanci umarni ke bin sa, kuma suna yake ɗauka, ba cikakkiyar jimla ba. Shi ne ke jikin gorar maganin feshi da manoman fadamar Gummi ke saya, inda ake faɗin abin yi idan ya shiga ido ko aka haɗiye shi. A gidaje da yawa ɗan sakandare ake miƙa wa gorar ya karanta.

Za a ce jarrabawar da Turanci ake yin ta, kuma shigo da Hausa aji yana sa yaro kasala. Wannan damuwa ce ta gaskiya, musamman da yake sai da kiredit a Turanci ake shiga jami'a, ko ta tarayya da ke Gusau ko wata. Amma abin da nake kira gare shi bai kai sauya harshen koyarwa ba, batun da gwamnatin tarayya ta amince da shi ga firamare a 2022 sannan ta janye a 2025. Minti biyar ne na kwatanci, sauran darasin ya tafi da Turanci. Hujjar ma ba sai an je nesa ba. A makarantun ilimi na zaure, da Hausa ake warware nahawun Larabci, gaɓa gaɓa, kuma kalmar “laula” da ke cike cikin littattafai da “ba don” ake fassara ta. Babu wanda ya ce wannan ya raunana Larabcin malamanmu. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, haifaffen Gummi, da karatun gida wurin mahaifinsa ya fara, ya kai ga rubuta tafsiri da Larabci, ya fassara Alƙur'ani zuwa Hausa. Can a Ile-Ife kuma, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci tsawon firamare ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Suka ta biyu ta fi ƙarfi: harsunan biyu ba su yi daidai ta kowace fuska ba. Haka ne. Hausa tana iya amfani da “ba don…ba, da…” ko ana maganar jiya ko ta yau, sai aikatau da wata kalma irin “yanzu” su fayyace, alhali Turanci yana tilasta zaɓi tsakanin “would” da “would have”. To amma ai wannan ne amfanin kwatancin. Yana nuna wa malami inda babu wahala don ya wuce da sauri, da inda wahalar take don ya tsaya. Wanda ya ƙi kwatanci yakan raba lokacinsa daidai kan abin da yaro ya sani da abin da bai sani ba, sai zango ya ƙare ba a taɓa “would have” yadda ya kamata ba.

Akwai kuma mai cewa wannan ƙaramin lamari ne a yankin da rashin tsaro ya raba yara da azuzuwansu, inda aka taɓa rufe makarantun jiharmu baki ɗaya a 2021. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Sai dai ƙarancin kwanakin karatu shi ne babban dalilin da zai hana mu ɓata su. Malami ba shi da iko kan tsaron hanyar Anka zuwa Bagega, amma yana da iko kan minti arba'in ɗin da ke hannunsa, kuma wannan gyara ba ya buƙatar littafi ko wutar lantarki ko izinin kowa.

'Yan'uwana malamai, a darasin sharaɗi na gaba ku fara da neman ɗalibai su kawo jimlolin “ba don” da “in babu” daga gona da kasuwa da gida. Ku sa su mayar da kowace zuwa “if”, sannan zuwa “without” ko “but for”, kuma kan kowace jimla ku yi musu tambaya guda kafin a wuce: abin nan ya faru ko bai faru ba?