DARASI: TIYO UKU NA GWANGWANIN GAWAYI

Darasinmu na wannan fitowa a kan motar da ke kai mu wurin shanu ne.

Wata shekara, ana saura kwana 10 Layya, muka tashi daga Biafra, nan Treichville, za mu taro tirelolinmu a Wangolo, kusa da iyakar Burkina, tafiyar wajen kilomita 600. Kafin nan wani yaron gareji ya sauke mana kan inji ya mayar. Tun ba mu wuce Adjamé ba warin fetur ya cika mota, inji na ta rawa in an tsaya. A Buwake muka kwana wurin gyara, dabbobi na can tsaye cikin tirela suna ramewa, karar Port-Bouët kuwa ba ta jiran kowa. Da aka duba, ashe tiyo ɗaya ne aka bari yana lilo, ɗaya kuma aka soka a bakin da ba nasa ba.

To, mene ne wannan gwangwani? Makanikai suna ce masa kanista. Baƙi ne, cike da gawayi na musamman. Yana cikin gidan inji, ko kuwa a ƙarƙashin mota kusa da tanki. In rana ta yi zafi fetur kan yi tururi cikin tanki, sai gawayin ya riƙe tururin, in inji ya ɗumama ya zuƙo shi ya ƙone. A Amurka an wajabta irin wannan tsari tun 1971, kuma ƙananan motocin fetur da ake kawo mana na hannu daga Turai akasarinsu da shi suke zuwa. Motar gas, irin tirelolinmu, ba ta da shi.

Ga yadda ake mayar da tiyo. A kashe inji, a bari ya huce, kada kowa ya matso da taba.

Na farko, tiyon da ya fito daga tanki. Bakinsa shi ne inda aka rubuta TANK.

Na biyu, tiyon zuƙa. Daga bakin PURGE yake tashi, ya bi ta wani ɗan bawul mai wayar lantarki, ya shiga hanyar iskar inji. A tsofaffin motoci masu kafireta akwai ƙarin wani siririn tiyo da ke buɗe bawul ɗin, kada a manta da shi.

Na uku, bakin shan iska. Wannan a buɗe ake barinsa. In an toshe shi, inji zai yi ta zuƙar tanki har wani lokaci tankin ya lotsa.

Motoci da yawa suna da zanen hanyar tiyo manne a cikin murfin inji, a bi shi. Tiyon da ya bushe ya tsage a canja shi da irin wanda fetur ba ya ci, ban da naɗe shi da leda. A gwada bawul: inji na kashe, bai kamata iska ta wuce ta cikinsa ba. In tana wucewa ya lalace, shi ya sa wata motar ke ƙin tashi bayan an sha mai.

Sai laifinmu mu masu mota. Mun saba ce wa mai sayar da mai ya ƙara, ya ƙara, har ya taɓo baki. In famfo ya tsaya da kansa a bar shi haka, don ruwan fetur in ya shiga gawayin ya kashe shi ke nan.

In makaniki ya ce, "Alhaji, wannan ba shi da amfani, a cire," kada mu yarda. Tururin da ke fita kuɗinmu ne, ga kuma hatsarin gobara kusa da inji mai zafi, mu da jakar kuɗin mutane a mota. Kafin a cire kowane tiyo a ɗaura masa zare mai launi, yadda muke yi wa shanunmu shaida a kara. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.