Ɗauri iri biyu ne

Idan mutum ya karye, ya yi sati 6 bai taka ba, naman ƙafarsa yakan shanye. Ƙashi ya kama, amma ƙarfin noma babu.

A shekarar 1966 wani mutumin Japan, Yoshiaki Sato, ya gano wata dabara. Ana ɗaura ɗamara mai iska a gindin cinya, irin ta awon hawan jini. Jini yana shiga ƙafa, komawarsa ce take raguwa. Sai majinyaci ya riƙa ɗaga abu marar nauyi. Nama ya gaji da wuri, ya yi ƙarfi kamar an ɗauki babban kaya. Likita ne yake auna matsin, kuma bayan ƴan mintoci yana kwancewa.

Ɗaurin gida daban yake. A ƙauyukan Magariya da Dungas, yaro ya faɗo daga amalanke, maɗori ya ɗaure shi da karare da tsumma, a bar shi kwanaki. Wurin karaya yana kumbura, tsumma kuwa ba ya buɗewa. Sai hanyar jini ta toshe. Naman da ya yi awa 6 babu jini yana mutuwa, wani lokaci har a yanke ƙafar.

Saboda haka a riƙa duba yatsu. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko yaro ba ya jin taɓi, ko zafi yana ta ƙaruwa, a sassauta ɗaurin nan take. A kai shi gidan likita ko da tsakar dare ne. In abin ya yi tsanani, daga Magariya ana tura shi babban asibitin Damagaram.