Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ciwon Suga Ke Lalata Ƙoda

Wani mai sauraronmu daga Zongon Lome a ƙasar Togo yana tambaya: me ya haɗa ciwon suga da ciwon ƙoda?

To Malam, kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya. Idan suga ya yi yawa a jini, sai aikin tacewa ya ƙaru, ƙodar ta riƙa cin iskar oksijin fiye da wadda take samu. Ƙwayoyin jiki suna da wani sinadari, HIF, mai gane ƙarancin iskar, ya sa ƙoda ta umarci ɓargo ya ƙara jini. Yawan suga yana dakushe wannan sinadari, sai naman ƙoda ya yi tabo sannu a hankali, jini ya ragu. Gano aikin HIF ne ya sa William Kaelin da Gregg Semenza da likitan ƙoda Peter Ratcliffe suka sami kyautar Nobel a 2019.

Don Allah, kada a jira kumburin ƙafa ko kumfar fitsari. A gwada fitsari duk shekara, a kula da suga da hawan jini, a rage gishiri, a guji shan Diclofenac barkatai, tun kafin a kai ga wankin ƙoda a asibitin Sylvanus Olympio da ke Lome. Allah ya ƙara lafiya.